Akwatin Yaya: yadda na sayar da sulallan Superman a Toronto

Yayana ya daɗe yana aiki a Toronto ta ƙasar Kanada kafin ya tattara ya koma gida. Da zai tafi ya bar mini ajiyar wani akwatin ƙarfe mai nauyi, ya ce in sa masa ido, kada danshi ya taɓa shi. Na tura shi can ƙuryar kabad, ban ko buɗe ba. Sai da gininsa ya kai linta, kuɗin rufi ya gagara, sannan ya kira ni wani dare a farkon bazarar 2025 ya ce, "Ka buɗe akwatin nan ka sayar da duk abin da ke ciki. Kuɗi ne kwance. Kai dai kada ka bari a yi maka wayo."

Abin da ke ciki sulalla ne na azurfa, da guda ɗaya na zinariya, kowanne ɗauke da hoton wani jarumin mujallun labarin zane na Amurka: Superman, Batman, Spider-Man, Black Panther da sauran 'yan uwansu. Wasu a cikin kwanson roba kawai, wasu a cikin akwatuna masu ƙyalli da takardar shaida mai lamba. Akwai wasu fallaye na azurfa, sirara kamar takarda, da aka buga bangon tsofaffin mujallun a kansu. Can ƙasa kuma wasu takardun kuɗi ne masu ruwan gwal. Yaya tun yana sakandare yake bin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi yana sayen waɗannan mujallu, to da ya zo inda ake buga jaruman nasa a kan azurfa, ga albashi a hannu, ai ba sai an faɗa ba.

Na shimfiɗa tawul a kan tebur na jera su. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yawancinsu kuɗi ne na hukuma. Ka juya bayan Spider-Man sai ka ga kan Sarauniya Elizabeth ta Biyu da sunan ƙasar Tuvalu da dala 1. Ka juya Batman ka ga Niue, dala 2. Niue ɗin nan tsibiri ne a Tekun Fasifik da mutanensa ba su kai dubu biyu ba, dalar New Zealand suke kashewa a kasuwa, kuma ba su da gidan buga kuɗi. Wani kamfani mai zaman kansa a Auckland, New Zealand Mint, shi ke karɓo izinin hotunan daga masu su, ya karɓo izinin sa sunan ƙasa daga gwamnatin tsibirin, ya buga, kowa ya sami kasonsa. Haka Perth Mint na Ostireliya ke yi da sunan Tuvalu, kuma su ne suka fara jerin jaruman kamfanin mujallu na Marvel da Spider-Man a 2017. Dala 1 ko dala 2 da aka rubuta a jiki ba wanda ya damu da ita, tunda azurfar da ke ciki ta ninka ta sau da yawa. Amfaninta kawai ta mayar da abin kuɗi a idon doka.

Na Kanada su suna da dalili mai ƙarfi. Joe Shuster, wanda ya fara zana Superman tare da abokinsa Jerry Siegel, a nan Toronto aka haife shi a 1914, kafin iyayensa su koma Cleveland ta Amurka. Saboda haka da Superman ya cika shekara 75 a 2013, gidan buga kuɗin gwamnatin Kanada ya fitar da sulalla bakwai don bikin, ya kuma ci gaba da fitar da wasu a shekarun da suka biyo baya. Waɗannan su suka fi yawa a akwatin.

Na sami littafin rubutu na ja layi: suna, ƙasa, shekara, nauyin da aka rubuta, adadin da aka buga, ko akwai akwati da takarda, sai abin da Yaya ya saya. Alhamdulillahi mutum ne mai ajiye rasit. Sannan na sayi ƙaramin sikeli mai nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da ma'aunin kauri, da ɗan mayen ƙarfe mai ƙarfi, da safar hannu ta auduga.

A nan ne mutum zai fara sanin cewa ozar masu zinariya da azurfa daban take da ozar kicin. Tasu giram 31.1 ce, ta kicin kuwa 28.35. Wanda ya auna da ta kicin zai ɗauka an yi masa gyara. Sai matsalar kwanso. Ba a son a riƙa buɗe su, domin da zarar yatsa ya taɓa fuskar sulai mai sheƙi, tabon ya zauna ke nan. Dabarar da na yi ita ce na buɗe ɗaya daga cikin marasa tsada, na auna kwanson shi kaɗai, na riƙa cire nauyinsa daga sauran masu irin kwansonsa. Waɗanda na yi shakka a kansu ne kawai na fitar, ina riƙe su ta gefe.

Gwajin mayen ƙarfe yana da ban sha'awa. Azurfa ba ta kama shi. Amma idan ka karkata sulan ka ɗora shi a kai, ba ya sulluɓewa lokaci ɗaya, sai ya riƙa gangarowa a hankali kamar mai jan ƙafa. Idan ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka. Sai dai jan ƙarfe ma yana rage masa gudu, kuma masu yin jabu sun san haka. Abin da ke tona musu asiri shi ne kauri. Azurfa ta fi jan ƙarfe nauyi, 10.49 ne a kan 8.96 a ma'aunin masana, don haka duk wanda ya so ya kai giram 31.1 da jan ƙarfe dole sulansa ya fi kauri ko faɗi. Guda biyu na Batman, waɗanda Yaya ya saya da araha a wani shafin intanet, nauyinsu ya yi daidai, amma da na jera su gefe da gefe da ɗan uwansu na gaske, sai na ga sun yi masa tudu. Na ɗora ɗaya a kan yatsa na ƙwanƙwasa shi da wani sulai. Na gaske yana yin wata ƙara siririya mai tsawo. Wannan kuwa "kwas" ya yi, ya mutu nan take.

Na aika wa Yaya hoton. Ya daɗe bai amsa ba, can sai ya rubuto: "Allah ya isa."

Takardun kuɗin nan masu ruwan gwal ba su ma kai ga gwaji ba. Roba ce aka shafa wa wani abu mai launin zinariya, ko da akwai zinariyar a ciki ba ta kai a ɗora a sikeli ba, duk da an rubuta karat 24 ɓaro-ɓaro a jikin ledar. Na ba yaran maƙwabta.

Da na gama tantancewa sai na haɗa nauyin azurfar duka na buga da farashin kasuwa na ranar, wanda ake gani a waya yana hawa yana sauka kowane minti. Wannan shi ne gindin farashi, abin da ba za a yi ƙasa da shi sosai ba ko da an ƙi jinin Superman. Na dubi wannan jimla, na dubi jimlar rasit ɗin Yaya, sai na ga rata mai faɗi a tsakaninsu. Duk aikin da ya rage mini shi ne in gano nawa daga cikin ratar nan za a iya ƙwatowa.

Na ɗebi wasu na kai wani shagon masu sayen zinariya da azurfa a cikin gari. Mai shagon dattijo ne, ba shi da yawan magana. Ya riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan wata na'ura da ke gane ƙarfe ba tare da an buɗe kwanso ba, ya tabbatar mini biyun nan jabu ne, sauran kuma lafiya lau. Sai ya ɗauki kalkuleta ya buga ya juyo mini da ita. Farashin azurfa ne tsagwaronsa, har da ɗan ragi. Na nuna masa akwatunan da takardun shaida, na ce wannan fa guda dubu biyu kacal aka buga a duniya. Ya yi murmushi ya ce, "Ni ƙarfe nake saye. Superman kuma sai ka nemi mai son Superman." Na ce albarka, na kwashe kayana. Ban ji haushinsa ba, domin bai ɓoye mini komai ba, har ma shi ya nuna mini waɗanda bai kamata in sayar masa ba. Duk matar da ta taɓa kai sarƙarta ta gwal kasuwa ta san wannan karatu: ranar saye ana lissafa mata kuɗin aiki, ranar sayarwa sikeli kaɗai ke magana.

Daga nan na koma eBay, shafin saye da sayarwa na intanet. Farkon shigata raina ya yi fari, domin na ga irin sulallan Yaya an sa musu kuɗi na tashin hankali. Ashe wannan abin da mai kaya yake fata ne. Akwai wurin da ake latsawa ya nuna waɗanda aka riga aka sayar da abin da aka biya, kuma nan ne gaskiya take. Wani sulai da aka sa wa ninki huɗu na kuɗinsa yana nan wata da watanni ba mai tayawa, alhali irinsa sak ya fita a makon jiya a ƙasa da rabin haka. Na zauna na bi kowane sulai, na duba cinikin da aka yi a 'yan watannin baya, na ɗauki na tsakiya na rubuta a littafina. Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi amfani.

Kayan suka rarrabu da kansu. Akwai sulan 2016 mai tambarin "S" na ƙirjin Superman, oza ɗaya, dala 5 ta Kanada. Miliyan ɗaya aka buga. Yaya yana da su da yawa a cikin bututun roba, kuma ba su taɓa yin nisa da farashin azurfa ba. Abin mamaki, su ne ba su ci masa kuɗi ba, domin tun ranar saye ƙarin da ya biya a kan azurfar kaɗan ne, azurfa kuma ta tashi tun daga lokacin. Na mayar da su wajen dattijon nan, ya ƙirga, ya biya nan take. Wasu daga cikinsu sun fitar da wani farin tabo kamar ɗigon madara, abin da ke samun sulallan azurfa na gidajen buga kuɗi da dama. Na tambaye shi ko in goge. Ya ce kada in kuskura: shi tabon bai dame shi ba, amma sulan da aka goge, mai tarawa ko kallonsa ba ya yi, domin gogewa tana barin ƙananan zane da ake gani da gilashi.

Spider-Man na 2017 kuwa, guda 50,000 aka buga, adadin da ba za a kira kaɗan ba, amma ya yi tsada fiye da waɗanda suka biyo bayansa. Dalilin shi ne shi ne na farko a jerin. Lokacin da ya fito mutane ba su san za a yi jeri ba. Da aka ci gaba da fitar da Thor da Black Panther da sauransu, sai duk wanda ya fara tarawa daga baya ya koma neman na farkon don ya cike gurbi. Na fahimci cewa ƙarancin adadi shi kaɗai ba ya ɗaga farashi, sai masu nema sun fi kayan yawa.

Inda abin ya yi ciwo shi ne masu launi, masu akwati da takarda, waɗanda Yaya ya fi ji da su. Su ne ya saya a ninki uku ko huɗu na azurfar da ke cikinsu, kuma yawancinsu suna fita ƙasa da abin da ya biya, ko da yake sama da nauyinsu. Kaɗan ne suka riƙe darajarsu. Na lura kuma akwatin da ya ɗan lanƙwashe a kusurwa, ko takardar shaida da ta ɓata, suna zabge kuɗi fiye da yadda hankali zai ɗauka. Mutum zai ce azurfa yake saye, amma kwali yake dubawa.

Akwai wasu ƙanana kuma masu ban dariya, waɗanda gwamnatin Kanada ta riƙa sayarwa dala 20 a kan dala 20, har da na Superman a 2015. Nauyinsu giram 7.96 ne, wato kwatar oza da ɗan ɗoriya, kuma lokacin da aka buga su azurfar ciki ba ta kai dala 20 ba ko kusa. A nan lambar da ke jiki ita ce gindin farashi. Na kai su wani reshen banki, yarinyar da ke kanta ta juya su ta juya, ta kira manaja, manaja ya ce ba sa karɓa. Daga baya wani mai tarawa ya kwashe su a kuɗin da ke jikinsu.

A daren da na karanta wa Yaya lissafin nan muka yi doguwar muhawara. Ya ce, "Kai ba ka san harkar nan ba. Ba ka ji an sayar da mujallar farko ta Superman dala miliyan shida ba? Takarda fa! To ina ga azurfa?"

Na ce, "Na ji, Yaya. A watan Afrilun 2024 ne, a wajen gwanjo. Amma ka dubi yadda ta kai haka. A 1938 aka buga ta, kusan kwafi 200,000, kowanne santi goma. Yara suka karanta suka yayyaga, iyaye suka share suka zubar, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka bi gida-gida ana tattara tsofaffin takardu. Yau ana ƙiyasin kamar ɗari ne suka rage. Ba wanda ya san abin ajiyewa ne, shi ya sa ta yi tsada. Naka kuwa, tun daga ma'aikata aka faɗa wa kowa abin ajiyewa ne. Dubu biyun nan duk suna nan, kowanne a kwansonsa, a kabad ɗin wani kamar yadda naka yake a nawa."

Ya ce, "To ai ba za a sake buga su ba."

Na ce, "Wannan zanen ba za a sake ba. Amma badi za a buga wani Superman ɗin, shi ma dubu biyu, shi ma da takarda." A 2025 ɗin ma gidan buga kuɗin gwamnatin Amurka ya shigo harkar da nasa Superman da Batman da Wonder Woman. Mai albashi ɗaya ba zai iya bin su duka ba, kuma yawanci sabo yake bi.

Ya yi shiru, sannan ya ce in kai su a yi musu maki, wai ya ji masu maki sun fi kuɗi.

Wannan ma wata duniya ce. Akwai manyan kamfanoni biyu a Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, da ake aika musu sulai su duba da gilashi, su ba shi maki daga 1 zuwa 70 bisa ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, su rufe shi a cikin roba mai lamba da ba ta buɗuwa sai an fasa. Ga tsohon kuɗi wannan yana da ma'ana sosai. Ga sabon sulai da bai taɓa shiga aljihun kowa ba, kusan duka 69 ne ko 70. Bambancinsu ɗan zane ne da ido ba ya gani, amma a kasuwa 70 ne ke jan kuɗi, 69 kuwa sau da yawa ba ya mayar da abin da aka kashe. Ga kuɗin dubawa, ga na aikawa zuwa wata ƙasa da dawowa, ga inshora, ga jira na makonni. Kamfanonin suna wallafa adadin da suka ba kowane maki, don haka kafin ka aika za ka iya ganin ko masu 70 ɗin sun riga sun cika kasuwa. Na duba, na zaɓi 'yan kaɗan da suka fi tsabta a ƙarƙashin fitila, na aika ta hannun wani dila mai rajista da su. Ɗaya ya dawo da 70, sauran 69. Ribar da mai 70 ya kawo ita ta biya kuɗin aika 'yan uwansa, aka tashi kusan ba ci ba asara. A ganina, mai irin waɗannan kaya in ba yana da wani sulai da aka san ana rububinsa ba, ya bar kuɗinsa a aljihu.

Ana cikin haka sai wata tambaya ta taso mini: shin Yaya yana fitar da zakkar kayan nan kuwa? Na tambaye shi, ya ce shi kayan sha'awa ya ɗauke su, bai taɓa kawo haka a ransa ba. Bayan sallar Juma'a na tsaya wajen wani malami da muke ƙaruwa da shi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, azurfa ce da aka buga da hotunan katun, an ajiye don sha'awa. Akwai zakka a kanta?"

Ya ce, "Azurfa ce ko ba azurfa ba ce?"

Na ce azurfa ce tsantsa.

Ya ce to hoton da ke kai bai canza mata hukunci ba. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, na zinariya dinari 20, kimanin giram 85, kuma a mazhabar Malikiyya ana haɗa su a cike nisabi. In sun kai, shekara ta zagayo, ana fitar da ɗaya cikin arba'in. Ya ƙara da cewa tunda ba don kasuwanci aka ajiye ba, nauyi ake dubawa, ba a lissafa kuɗin ƙira ko ƙarin da masu sha'awa ke biya. Shekarun da suka wuce ba a fitar ba kuma bashi ne. Giram 595 oza 19 ne da 'yan kai, akwatin Yaya kuwa ya wuce nan tuntuni. Rasit ɗinsa suka sake yin rana, domin da su muka gano shekarar da ya cika nisabi. Malam ya kuma ja mini kunne cewa zinariya da azurfa hannu da hannu ake sayar da su, ba bashi. Saboda haka da wani ya nemi in ba shi wasu ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, na ba shi haƙuri.

Sayarwa ɗaya-ɗaya ta intanet ita ce mai wahala. Kowane sulai sai ka ɗauki hotonsa gaba da baya, da akwatin, da lambar takarda, kuma azurfa mai sheƙi ba ta son kyamara, ko dai ta fito baƙa ƙirin ko ka ga fuskarka a ciki. Kusa da taga da safe ya fi. In akwai tabo ka nuna shi, ka rubuta, domin wanda ya gano da kansa zai dawo maka da kaya. La'adar shafin ta haura kashi goma cikin ɗari, ga kuɗin gidan waya da inshora, don haka duk sulan da ƙarinsa a kan azurfa bai kai wannan ba, gara a kai wa dila a huta. Na yi sa'a sabon fim ɗin Superman ya fito a watan Yuli, sai masu tambaya suka ƙaru na ɗan lokaci. Na saki nasa a lokacin, na riƙe na Marvel zuwa ƙarshen Agusta, lokacin babban taron masoya irin waɗannan mujallu da ake yi duk shekara a tsakiyar Toronto. A can na ga ɗaya ɓangaren kasuwar. Mutum ya sha kayan Spider-Man tun daga kai har ƙafa, ba ruwansa da nawa oza take yau, abin da yake tambaya shi ne wane mai zane ne ya yi hoton. Ba a taron na sayar ba, tunda ba ni da rumfa, amma na haɗu da masu shaguna da suka taya da daraja fiye da masu sikeli.

Na zinariyar na bari sai ƙarshe. Shi ne na 2013, dala 75 a jiki, guda 2,000 aka buga. Yaya yana kiransa "gwal ɗina", yana lissafin giram 12. Amma karat 14 ne, wato kashi 58.33 cikin ɗari ne zinariya, sauran azurfa. Zinariyar ciki giram 7 ce. Har ma harajin saye na kashi 13 da ake biya a Ontario, lardin da Toronto take, ya hau kansa ranar da ya saya, domin zinariyar da ta kai tsarkin kashi 99.5 ce kawai doka ta yafe wa. Abin da ya cece shi shi ne kasuwa. A 2013 oza ba ta wuce dala dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba, a Maris na 2025 kuwa ta haura dalar Amurka 3,000. Giram bakwai ɗin nan su kaɗai sun kamo abin da ya biya har sun wuce. Wani mutum mai tara kayan Superman zalla muka yi alƙawari da shi a shagon dattijon nan, aka ɗora a na'ura a gabansa, ya duba lambar takarda ya ga ta dace, ya taya da ƙari mai kyau a kan nauyin. Na kira Yaya a nan take na faɗa masa. Ya ɗan ja numfashi ya ce, "Sallama masa." Mutumin ya tura kuɗin ina tsaye, na ga shigarsu, na miƙa masa.

Da na rufe lissafi, bayan an cire la'ada da aikawa da zakka, abin da ya isa hannun Yaya ya ɗan gaza abin da ya kashe a tsawon shekarun. Zinariyar da sulallan bututu da Spider-Man su suka ɗauki nauyin sauran.

Fallayen nan ne suka ƙi fita. Kowanne giram 35 ne, oza ɗaya da ɗan ƙari, an kwaikwayi bangon tsohuwar mujalla an sa a cikin gilashin roba mai kauri, kuma Yaya ya saye su da tsada ƙwarai. Na sa su a intanet, na rage, na sake ragewa, masu kallo da yawa, mai taya babu. A watan Oktoban 2025 azurfa ta haura dalar Amurka 50 a kan oza, matakin da ta taɓa kusanta a 1980 da 2011. Yaya ya kira yana cewa da mun sani da mun jira da na bututun. Na ce haka ne, amma ga fallaye nan, yau ce ranarsu. Na kai wa dattijon. Ya sa sukundireba ya kwance gilasan, ya ɗora fallayen a sikeli gaba ɗaya, ya buga kalkuleta. Kuɗin ya fi ƙarshen abin da na sa musu a intanet in an cire la'ada. Na sallama, na tura wa Yaya kuɗin a daren, tare da hoton shafin ƙarshe na littafin lissafi.